Kafin ka danna Enter a kan UPDATE: lissafin bashin taki ta baƙin allo

Assalamu alaikum. Wannan rubutu na sakatarorin ƙungiyoyin manoma ne da ma'ajinsu, da kuma matasan da ake kira su duba kwamfuta idan lissafi ya rikice, musamman a yankin noman rani na Kura, Bunkure da Garun Malam, da su Auyo a kwarin Haɗeja. Ƙungiya ta karɓo taki, ta raba wa mutum ɗari uku ko huɗu bashi, kowa da adadin buhunansa na NPK da yuriya, biya kuma sai bayan girbi. Littafi yana riƙe wannan lissafi, Excel ma yana riƙewa zuwa wani mataki. Ranar da shugaba ya ce a fito masa da sunayen waɗanda suka rage ba su biya ba a Kadawa da jimillar abin da ake bin su, a nan ne rumbun bayanai, wato database, yake nuna amfaninsa.

Zan yi bayani ne da SQLite, manhajar rumbun bayanai da ake ba umarni a rubuce ta baƙin allo, wato terminal, domin ita ta fi dacewa da yanayinmu. D. Richard Hipp ne ya fitar da ita a shekarar 2000, kyauta ce, ba ta buƙatar intanet, kuma rumbun gaba ɗaya fayil ɗaya ne tak. Tsohuwar kwamfutar da ke wahala wajen buɗe manyan manhajoji tana tafiyar da ita ba gardama. A Ubuntu ana saka ta da `sudo apt install sqlite3`. A Windows sai a sauko da kunshin sqlite-tools daga sqlite.org a warware shi. A wayar Android, cikin Termux, manhajar da ke ba waya baƙin allo, `pkg install sqlite` ya wadatar.

A ce rumbun yana da tebur biyu. Na farko `manoma`, mai ginshiƙan `lamba`, `suna`, `gari` da `waya`. Na biyu `bashi`, mai `lamba`, `manomi` wato lambar mai bashin, `buhu`, `kudi`, `an_biya` da `rana`. Sunayen tebur da ginshiƙai a rubuta su ba ƙugiya, `kudi` maimakon kuɗi, saboda sau ɗari za ka buga su, kuma ba kowane allon rubutu ne ke da ɗ a kusa ba. Bayanan da ke ciki kuwa a rubuta su da Hausa sosai.

Idan dubawa kawai za ka yi, buɗe shi haka:

`sqlite3 -readonly kungiya.db`

Wannan kalma ta `-readonly` tana tsare abu biyu. Ba za ka iya ɓata komai ba ko da hannunka ya zame. Sannan idan ka yi kuskuren harafi a sunan fayil, ko kana cikin wani folda daban, za ta ce ba ta iya buɗewa ba. In babu ita, SQLite sai ta buɗe maka sabon rumbu fanko da wannan suna, ka rubuta `.tables` ka ga wayam, hankalinka ya tashi kana zaton bayanai sun salwanta, alhali suna nan lafiya lau a ɗaya fayil ɗin.

Da ka shiga, `.tables` ta nuna tebura, `.schema bashi` ta nuna yadda aka gina teburin, `.mode box` kuma ta jera sakamako cikin akwatuna masu sauƙin karantawa. Wannan ta ƙarshen sai sigar 3.33 zuwa sama, idan taka tsohuwa ce yi amfani da `.mode column` tare da `.headers on`. Umarnin da ya fara da ɗigo na manhajar ne, ba ya son komai a ƙarshensa. Umarnin SQL kuwa, wato harshen da ake tambayar rumbu da gyara shi, irin su SELECT da UPDATE, dole ya ƙare da waƙafi mai ruwa. Idan ka danna Enter ka ga `...>` yana kallonka, ba tsayawa kwamfuta ta yi ba, jiranka take ka ƙarasa. Buga `;` ka sake dannawa. Idan har yanzu bai saki ba, to akwai alamar `'` da ka buɗe ba ka rufe ba.

Ga tambaya irin ta shugaba, mai fitar da adadin basussukan da suka rage da jimillarsu a kowane gari:

```
SELECT m.gari, COUNT(*), SUM(b.kudi - b.an_biya)
FROM bashi b JOIN manoma m ON m.lamba = b.manomi
WHERE b.kudi > b.an_biya
GROUP BY m.gari;
```

Tambayar daidai take, amma amsarta tana iya yin ƙarya idan bayanan ciki ba su da tsafta, kuma ba za ta nuna wani kuskure ba. Wannan shi ne abin tsoron. Lamba za ta fito tsaf, a karanta ta gaban taro, a yi rigima a kanta.

Fara da sunan gari. A wurin alamar `=`, `Kura` daban, `kura` daban, `Kura` mai sarari a bayansa shi ma daban. Kafin kowane lissafi duba:

`SELECT quote(gari), COUNT(*) FROM manoma GROUP BY gari;`

`quote` tana kewaye rubutun da alama, sai sararin da ido bai gani ya fito fili. Mafi yawa za ka tarar gari ɗaya ya rabu gida uku.

Sai kuɗi. Idan daga Excel aka kwaso bayanan kuma an rubuta 45,000 da waƙafi, SQLite ba za ta ƙi karɓa ba ko da ginshiƙin na lamba ne. Za ta ajiye shi a matsayin rubutu, kuma lokacin lissafi ta karanta abin da ke gaban waƙafin kaɗai, wato 45. Bashin naira dubu arba'in da biyar ya koma naira arba'in da biyar. Haka nan gurbin da aka bari fanko a CSV, wato fayil ɗin da ake fitarwa daga Excel a shigo da shi rumbu, yakan shigo a matsayin rubutu maras komai, kuma a ƙa'idar SQLite rubutu kullum ya fi lamba girma wajen kwatantawa. Saboda haka wanda bai biya ko kwabo ba, aka bar gurbinsa fanko, sharaɗin `kudi > an_biya` ba zai kama shi ba, sai ya ɓace daga jerin masu bashi. Gurbin da ke NULL, wato wanda ba a sa masa komai ba sam, shi ma haka yake ɓacewa, kuma ba a nemo shi da `= NULL`, sai da `IS NULL`. Hanyar gano duk wannan gajeriya ce:

`SELECT typeof(kudi), typeof(an_biya), COUNT(*) FROM bashi GROUP BY 1, 2;`

Abin da ake so a gani layi ɗaya ne, integer da integer. Duk inda text ko null ya bayyana, akwai aiki. Wanda zai gina sabon tebur ya sa kalmar STRICT bayan rufe baka, tana nan tun sigar 3.37 ta shekarar 2021, kuma ita za ta sa tebur ya ƙi karɓar rubutu a gurbin lamba tun daga ƙofa.

Lambar waya kuwa akasin haka ce, a ajiye ta TEXT. Lambobinmu goma sha ɗaya ne kuma da sifili suke farawa, in aka mai da su lamba sifilin ya faɗi. NIN da BVN ma ba lissafi ake yi da su ba, rubutu ne.

Yanzu sunayenmu. Sa'idu, Isma'il, Mu'azu, Rabi'u, Shu'aibu, Sa'adatu, duk suna ɗauke da hamza, kuma alamar da muke rubuta ta da ita ita ce SQL ke buɗe rubutu da rufe shi. Ka rubuta `'Sa'idu'`, a wurinta rubutu ya ƙare a Sa. Dole a ninka ta: `'Sa''idu'`, alama guda sau biyu, ba alamar zancen wani ba. Akwai kuma wata ƙura. Word da wasu wayoyi suna sauya miƙaƙƙiyar hamza da lanƙwasasshiya, a ido kusan ɗaya suke, a wurin kwamfuta haruffa biyu ne mabambanta. Idan ka nemi suna ka rasa kuma ka tabbata yana ciki, gwada `LIKE 'Sa_idu%'`, domin wannan ɗan layin ƙasa yana tsayawa a madadin kowane harafi guda. Baƙaƙe masu ƙugiya ma suna da nasu hali. LIKE ba ta bambanta babban harafi da ƙarami a haruffan A zuwa Z kaɗai. Ƙ da ƙ, Ɗ da ɗ, Ɓ da ɓ ba sa cikin wannan rangwame, `upper()` da `lower()` ma ba sa taɓa su. Mai neman `ɗanladi` ba zai sami `Ɗanladi` ba, balle wanda aka shigar da shi `Danladi`.

To, an gama dubawa, an zo gyara. Nan ne nake son a tsaya sosai, domin abin da ke cikin teburin nan haƙƙin mutane ne. Wanda ya sayar da shinkafarsa ya biya, aka wayi gari kwamfuta ta ce ana bin sa, ba zai yarda da ƙungiya ba kuma, kuma yana da gaskiya.

UPDATE da DELETE ba sa tambayar ko ka tabbata. Babu kwandon shara da za ka je ka tsinto abin da ka goge. `UPDATE bashi SET an_biya = 20000;` ba tare da WHERE ba zai rubuta dubu ashirin a kan kowane mutum a teburin cikin ƙiftawar ido, kuma abin da ke wurin a da ya tafi. Saboda haka tsarin aikin ɗaya ne kullum, ko layi guda za a gyara.

Da farko ajiya:

`sqlite3 kungiya.db ".backup ajiya-2025-03-14.db"`

Sa kwanan watan ranar a sunan, kada sabuwar ajiya ta hau kan tsohuwa. Sai ka buɗe rumbun ba tare da `-readonly` ba, ka kunna `.changes on` don ya riƙa faɗa maka layi nawa kowane umarni ya taɓa. Daga nan ka rubuta SELECT da sharaɗin da kake nufin amfani da shi, ka kalli layukan da idonka, ka riƙe adadinsu. In sun yi daidai, danna kibiyar sama, ka sauya farkon umarnin zuwa UPDATE, ka bar WHERE yadda yake ba tare da sake buga shi ba. Sake bugawa ne ke kawo kuskure.

```
SELECT * FROM bashi WHERE lamba = 318;
BEGIN;
UPDATE bashi SET an_biya = an_biya + 20000 WHERE lamba = 318;
SELECT * FROM bashi WHERE lamba = 318;
COMMIT;
```

Tsakanin BEGIN da COMMIT, aikin yana kamar hatsin da mai awo ya cika a mudu bai juye a buhun mai saye ba tukuna, ana iya mai da shi. Idan SELECT ya nuna layi ɗaya amma UPDATE ya ce changes: 412, rubuta `ROLLBACK;` komai ya koma yadda yake. Ba tare da BEGIN ba, kowane umarni yana tabbata ne da zarar ka danna Enter.

Ka lura da lamba na kama layin, ban kama da suna ba. A gari ɗaya ana iya samun mutum huɗu masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya, sannan mutum ɗaya ana iya rubuta shi Muhammad yau, gobe Muhammadu, jibi Mamman. Da suna ake nemo mutum, a tabbatar da garinsa da rasiɗinsa, amma da lamba ake gyara lissafinsa.

Wani rami da ake yawan faɗawa shi ne haɗa AND da OR. A ce an yafe wani kaso ga masu buhu biyu zuwa ƙasa a garuruwa biyu, aka rubuta `gari = 'Kura' OR gari = 'Bunkure' AND buhu <= 2`. SQL tana ɗaure AND kafin OR, don haka za ta kwashe mutanen Kura kaf, manya da ƙanana, sannan masu buhu biyu na Bunkure. Rubuta `gari IN ('Kura','Bunkure') AND buhu <= 2`, ko ka sa baka biyu. SELECT ɗin farko shi ke tona irin wannan, idan ka ga adadi ya zarce abin da hankali zai ɗauka. Wajen kaso kuma a kula, lamba cikakkiya in aka raba ta da cikakkiya, SQLite tana yar da ragowa. `7/2` uku ne a wurinta. `kudi * (10/100)` sifili zai ba ka, daidai shi ne `kudi * 10 / 100`.

Shi kansa `an_biya + 20000` ba na son a dogara da shi na dindindin. Kibiyar sama da Enter sau biyu sun isa su rubuta wa mutum dubu arba'in. Abin da ya fi shi ne tebur na uku, `biya`, kowane biya layinsa, da lambar rasiɗi da aka sa wa UNIQUE. In aka sake shigar da rasiɗi ɗaya, rumbun da kansa zai ƙi, ya ce UNIQUE constraint failed. Kuma ranar da gardama ta tashi, ana iya nuna wa mutum ranar da ya biya da nawa ya biya, ba jimilla kawai ba. Kwanan wata a rubuta shi shekara, wata, rana, kamar 2025-03-14, domin ta haka ne kaɗai jerawa ke tafiya daidai. `date('now')` lokacin UTC take bayarwa, mu kuma muna gaba da awa ɗaya, don haka a ƙara mata: `date('now','localtime')`.

Game da gogewa, ana yawan neman waɗanda aka shigar sau biyu ta hanyar lambar waya, da `GROUP BY waya HAVING COUNT(*) > 1`. Hanya ce mai kyau ta nema, amma kada a goge da ita. A ƙauye waya ɗaya tana iya zama ta gida guda, uba da 'ya'yansa, ko mace ta ba da lambar maigidanta. Sai an tambaya. In an tabbata mutum ɗaya ne, a fara mai da bashinsa kan lambar da za a bari, da `UPDATE bashi SET manomi = 57 WHERE manomi = 203;`, sannan a goge 203. SQLite ba ta tsare alaƙar tebura sai an ce mata, kuma a kowace buɗewa sai an sake cewa `PRAGMA foreign_keys = ON;` kafin BEGIN. In ba haka ba za ta bari ka goge mutum, bashinsa ya zauna ba mai shi, kuma JOIN ya daina ƙirga shi. Sa wannan layi da `.changes on` a fayil ɗin `.sqliterc` da ke babban foldanka, su riƙa kunnuwa da kansu.

Idan gyaran yana da yawa, kamar rasiɗai sittin na ranar kasuwa, kada a buga su kai tsaye. A rubuta su a fayil, a ce `gyara.sql`, BEGIN a sama, COMMIT a ƙasa, ma'aji ya karanta ya gwada da littafi, sannan:

`sqlite3 -bail kungiya.db < gyara.sql`

Kalmar `-bail` ba ado ba ce. In babu ita, layi na talatin ya sami kuskure, manhajar za ta yi ƙorafi ta wuce, ta ƙarasa sauran, ta isa COMMIT ta tabbatar da aikin da giɓi a cikinsa. Da ita kuwa sai ta tsaya nan take, ba a kai ga COMMIT ba, komai ya koma baya. A duba bakin kibiyar da kyau: `<` tana shigar da fayil, `>` tana rubutawa a kansa bayan ta share abin da ke ciki. Wanda ya juya ta ya share fayil ɗin gyaransa. Wurin da ake son `>` shi ne fitar da rahoto: `sqlite3 -header -csv kungiya.db "SELECT ..." > rahoto.csv`. Shigo da CSV kuma `.import --csv --skip 1 sabbi.csv manoma` ne idan teburin yana nan, don kada layin kanu ya shiga a matsayin manomi. A Excel a zaɓi CSV UTF-8 wajen ajiyewa, in ba haka ba ƙ da ɗ su koma alamar tambaya. Rahoton da za a tura zauren WhatsApp a cire masa waya da NIN. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 tana nan, kuma ko babu doka amana ce.

Maganar wuta. In batir ya mutu ko janareta ya tsaya ana tsakiyar rubutu, SQLite tana barin wani ƙaramin fayil kusa da rumbun, mai ƙarewa da `-journal`, ko `-wal` in an sa ta a wannan tsari. Kada a goge shi, kada a raba shi da rumbun, kada a sauya wa rumbun suna. Da shi take gyara kanta a buɗewa ta gaba. Buɗe kawai, ka rubuta `PRAGMA integrity_check;`, amsar da ake so ita ce ok. Wannan ne ma dalilin da ya sa `.backup` ta fi kwafe fayil da hannu alhali rumbun yana buɗe. Kada a yi aiki kai tsaye a kan filashi, a bar shi don ajiya, kuma ajiya ɗaya ta kwana a wani gida daban da inda kwamfutar take. Lokaci-lokaci a buɗe ajiyar a ƙirga layukanta, don a san tana buɗuwa. Saƙon database is locked kuwa ba lalacewa ba ne. Wata taga ce ta yi BEGIN ba ta rufe ba, ko an bar DB Browser, manhajar buɗe rumbun SQLite da linzami, da gyaran da ba a ajiye ba. Rufe wancan, ko ka sa `.timeout 5000` ta jira daƙiƙa biyar.

Waɗanda rumbunsu ke kan sabar, MySQL ko MariaDB, tsarin bai sauya ba, sai ƙari kaɗan. Shiga da `mysql -u sunanka -p --safe-updates kungiya`. Kada ka manna kalmar sirri a jikin `-p`, bari ta tambaye ka, don kada ta zauna a tarihin umarni. `--safe-updates` tana ƙin UPDATE ko DELETE da ba shi da WHERE mai kama mabuɗi ko LIMIT, ta ba da kuskure mai lamba 1175. Ajiya da `mysqldump --single-transaction` ake yi. Tebura a MySQL iri-iri ne: ROLLBACK yana aiki a teburan InnoDB, ba ya aiki a na MyISAM, kuma ALTER TABLE ko DROP TABLE suna tabbatar da aikin da ke buɗe ba tare da sun sanar da kai ba. Tsarin haruffan tebur ya kasance utf8mb4, domin latin1 ba ta san haruffanmu masu ƙugiya ba. Sabis ɗin ƙauye kuma yana yankewa ana tsakiyar aiki, saboda haka da ka shiga sabar daga nesa ta ssh buɗe `tmux` tukuna, manhajar da ke riƙe tagar aikinka ko layi ya katse, ka yi aikin a cikinsa. In layi ya katse, sake shiga ka rubuta `tmux attach`, za ka tarar da tagarka inda ka bar ta. Kafin ka ci gaba, duba da SELECT ko gyaran ƙarshe ya shiga, sannan ka yanke tsakanin COMMIT da ROLLBACK.